Tsimin man mota: kuɗin da direbobi ke ƙonawa ya fi wanda gwamnati ta rage musu

A watan Yulin 2024, lokacin da hukumomin Nijar suka sauko da farashin litar fetur zuwa sefa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618, an yi murna a tashoshin mota da majalisun shayi tun daga Yamai har Damagaram. Murnar tana da dalili. A ƙasar da kusan kowane buhun gero da kowace kwalin magani sai sun hau mota kafin su kai ga mai saye, dala goma a kan lita ba abin rainawa ba ce. Shekaru biyu kafin nan, a watan Agustan 2022, ƙarin da aka yi wa gazuwal shi ne ya tayar da ƙurar da ta haifi ƙungiyar M62. Kowa ya san maganar mai a ƙasar nan magana ce ta tukunya.

Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika yi ba a waɗannan majalisu. A ɗauki mai ƙaramar mota a Yamai ko Maraɗi wanda ke yin kilomita 1,000 a wata, tsakanin gida da wurin aiki da makarantar yara da kasuwa da gaisuwar ƴan uwa. Idan motarsa na shan lita 10 a kowace kilomita 100, kamar yadda tsofaffin motoci da yawa ke yi a cikin gari, yana buƙatar lita 100 ke nan, wato sefa 49,900 a bisa wancan farashi. Wannan kuɗi ya zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasar, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a farkon 2024. Ragin kusan dala goma a kan lita yana bar masa kusan jikka 5 a wata. Amma in ya gyara tuƙinsa da lafiyar motarsa har shan mai ya ragu da kashi 15 cikin 100, abin da zai rage masa a aljihu ya kusa sefa 7,500 a wata, kusan jikka 90 a shekara. Wannan ragi ba ya jiran taron majalisar ministoci, kuma babu wanda zai iya soke shi da sanarwa.

Farashi a hannun hukuma yake. Adadin litar da mota ke sha kuwa, mafi yawansa a ƙafar direba da hannun makanike yake, kuma nan ne ake asarar da ba a gani.

Zamanin mai mai araha ya wuce

Shekara da shekaru, garuruwan kudancin Nijar sun rayu a kan wani gata da ba nasu ba. Tallafin da gwamnatin Najeriya ke zubawa a kan fetur ya sa man ya yi araha ƙwarai a can, sai ya riƙa kwarara ta Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni, ta Kwangwalam da Maimujiya zuwa Matamaye da Damagaram. Shi ne ruwa-ruwa da ake jerawa a kwalabe bakin hanya. Mutum ya koyi tuƙi, ya sayi mota, ya yi aure ya haifi ƴaƴa, bai taɓa tunanin lita nawa motarsa ke sha ba, domin kwalba ba ta kai ta dame shi ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin a jawabinsa na kama mulki. Farashi ya yi tsalle a Najeriya, ribar fasa-ƙwauri ta ja baya, jama'ar da suka saba da kwalba suka dawo gidajen mai. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda ta soma aiki a ƙarshen 2011, an gina ta ne a kan tace ganga 20,000 a rana. Motoci da babura sun ninka tun daga lokacin, ita kuwa tana nan yadda take. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ɗanyen mai yake ɗauka zuwa kasuwar duniya, ba ya ƙara ko lita ɗaya ta tataccen fetur a famfon unguwa. Sakamakon ya bayyana a watan Maris na 2025, lokacin da dogayen layuka suka mamaye gidajen mai a Yamai da sauran manyan garuruwa, mutane suka kwana cikin motocinsu a ƙasar da ke haƙo mai.

Wanda ya tsaya a wancan layi ya kamata ya fito da darasi guda: lita ta zama abin ƙirgawa. Kiɗa ya canza, amma rawar direbobi da yawa tana nan irin ta lokacin kwalba.

Awo kafin komai

In aka tambayi masu mota goma lita nawa motarsu ke sha a kilomita 100, da wuya a samu biyu da za su ba da amsa. Abin da za a ji shi ne "ba ta da shan mai" ko "tana sha kamar raƙumi". Dalili shi ne yadda ake sayen man: yau na jikka 2, gobe na jikka 3, jibi na dala 300 don a samu a kai gida. Mai irin wannan saye ba ya taɓa sanin abin da ya kashe a wata, balle ya gane ranar da motar ta soma sha fiye da ƙa'ida.

Awon ba shi da wuya. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. A yi ta harkoki. Ranar da aka koma, a sake cikawa har famfo ya tsaya, a rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka yi. A raba litar da kilomitar, a ninka sau 100. Wanda ya zuba lita 36 bayan kilomita 400, motarsa na shan lita 9 ke nan. Wayar da ke aljihun kowa tana iya riƙe wannan lissafi. Gaskiya ne ba kowa ke da jikka 20 ko 25 na cika tanki a tashi ɗaya ba, amma ko sau biyu a shekara aka yi, ranar da albashi ya shigo ko aka samu ciniki, ya isa ya nuna inda aka dosa. Motar da ta saba shan 9 ta koma 11 tana faɗa wa mai ita cewa akwai abin da ya lalace, tun kafin ta tsaya masa a tsakiyar hanya.

A bakin famfo

Da yake hukuma ce ke tsayar da farashi, yawon neman gidan mai mafi araha ba shi da wani amfani a nan, sai ma ƙona man da ake son tsimi. Abin da mai saye zai kula da shi shi ne ya samu abin da ya biya. Ya sauko daga mota, ya ga lambar famfo ta koma sifili kafin a soma zubawa, ya duba litar da kuɗin da suka fito. Mafi yawan masu zuba mai mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin a duba aikinsa.

Idan famfo ya tsaya da kansa, a bar shi haka. Al'adar girgiza mota da ɗura mai har ya leƙo bakin tanki asara ce: wani ya zube ƙasa, wani ya shiga hanyar da aka yi domin tururi ya lalata ta, ga kuma zafin rana da ke sa mai ya kumbura. A tabbatar murfin tanki yana rufewa da kyau. Tsumma ko leda da ake cusawa a madadin murfin da ya ɓata suna barin fetur ya tsere a iska, ƙura kuma ta shiga.

Yawo kullum da jar fitilar mai a kunne shi ma ba tsimi ba ne. A motocin zamani famfon da ke tura mai zuwa inji yana cikin tanki, kuma man ne ke sanyaya shi. Wanda ya mayar da ɗigon ƙarshe abincin motarsa na kullum zai canza famfo kafin lokacinsa, kuɗin famfon kuwa ya fi na tanki guda.

Akwai kuma maganganun da ke yawo a WhatsApp. Ana cewa a sayi mai da asuba domin ya fi kauri. Tankunan gidajen mai a binne suke a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi bai cika sauyawa tsakanin safe da rana ba, bambancin bai kai a tashi da duhu dominsa ba. Ana tallan ƴan na'urori da ake maƙalawa a bututun mai ko a soka a wurin kunna sigari, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, wai suna rage sha da rabi. Da abin gaskiya ne, da kamfanonin da ke kashe biliyoyi don rage rabin lita sun daɗe da sa su a kowace mota tun daga masana'anta.

Kwalbar bakin hanya

Ba adalci ba ne a yi maganar ruwa-ruwa kamar masu sayar da shi ba su da wani amfani. Akwai ƙauyuka da ƙananan garuruwa da gidan mai mafi kusa ya yi musu nisan tafiyar awa guda, kuma dubban matasa da wannan sana'a suke ciyar da gidajensu. Ranar da famfuna suka ƙafe, su ne suka hana wasu marasa lafiya kwana a hanya. Amma mai motar da ke cikin birni, ga gidan mai a gabansa, ya kamata ya yi lissafi da idon basira. Kwalba ba ta da hatimin awo. Man da ya wuni a rana cikin gilashi ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Wanda ya bi ta duro da jarka da mazurari yana iya ɗauke da ƙura, ko ruwa, ko gaurayen kananzir, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa sai mota ta soma shaƙewa. Tsohon inji mai kafireto yana iya haƙuri da irin wannan. Inji mai nozul da kwamfuta ba ya yafewa. Dala biyar da aka tsira da ita a kan lita tana komawa gareji da ƴaƴanta. Araha dai ba ta ado.

Haka nan tara jarkoki a ɗaki ko a zaure saboda tsoron ƙarancin mai. Tururin fetur ba ya buƙatar harshen wuta ya taɓa jarka; murhun shayi ko tartsatsin wayar lantarki a nesa kaɗan ya isa. Mutanen Yamai ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar da ta kife kusa da filin jirgin sama ta kama da wuta a kan masu kwasar mai, aka rasa rayuka sama da 50. Babu tsimin da ya kai a kwana da wannan haɗari kusa da tabarmar yara.

Ƙafar dama

Mafi girman ɓarna a tuƙi ake yin ta. Kowa ya san irin direban da ke fizgar mota da zarar wutar hanya ta ba shi hannu, ya yi mita 200, ya danne birki a bayan amalanke ko ɗan kabu-kabu, ya sake fizga. Duk taka birki mai ƙarfi zubar da man da aka riga aka ƙona ne don samun wannan gudu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta kiyasta cewa tuƙin fizga da birki yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cikin cunkoso. Direban da ke hangen gabansa, ya ɗaga ƙafa tun daga nesa in ya ga shataletale ko tudun rage gudu, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba, ya sauya giya da wuri ba tare da ya bar inji na kururuwa ba, yana isa inda za shi kusan lokaci ɗaya da mai gaggawar, da sauran mai a tanki da sauran rai a birkinsa.

A babbar hanya kuwa, iska ce abokiyar gaba. Turjiyar da take yi wa mota tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga kilomita 100 a awa zuwa 120 ƙarin gudun kashi 20 ne, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 44. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kimanin kilomita 240 ne. A kan takarda, mai gudun 120 zai yi awa 2, mai gudun 100 zai yi awa 2 da minti 24. A zahiri ma ratar ba ta kai haka ba, domin dukkansu sai sun lafa a Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita, sai sun tsaya a shingaye, sai sun jira garken shanu ya tsallaka. Mintocin da mai saurin ya ci, da lita ya saye su, kuma a kan hanyar da jaki ko yaro ke iya faɗowa ba sallama.

Akwai dabarar da wasu ke taƙama da ita, ta sakin mota a firi ko kashe inji gaba ɗaya a gangare, musamman a tuddan Adar da wajen Dogon Dutsi. A motar da ke da nozul da kwamfuta, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, kwamfutar kan tsayar da tura mai da kanta. A firi kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Kashe inji ya fi muni: birki yana yin tauri, sitiyari yana yin nauyi, a wasu motocin ma yana iya kullewa. Wannan ba dabarar tsimi ba ce, caca ce da ran fasinja.

Injin da ke aiki mota na tsaye

A ƙofar banki, a gaban makaranta, a bakin kasuwa, ko'ina za a ga motoci a tsaye inji na ruri, mai ita na jiran wani ko yana hira a waya cikin sanyi. Ƙaramar mota a tsaye tana ƙona wajen lita 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon girman inji da ko na'urar sanyi na aiki. Minti 20 a rana awa 10 ne a wata, wato lita 10 a ƙalla, kusan jikka 5. Duk ragin da gwamnati ta yi wa mai mota a misalin farko ya tafi ke nan a wurin da mota ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Tayar da inji mai zafi ba ya cin man da ya wuce na daƙiƙa goma na tsayuwa, saboda haka duk jiran da zai wuce minti ɗaya, in ba a tsakiyar titi ba ne, kashewa ta fi.

Haka batun ɗumama mota da safe. Al'ada ce da aka gada daga zamanin tsofaffin injuna: a tayar, a bar ta minti goma, a riƙa taka totur unguwa na ji. Injin zamani rabin minti ya ishe shi, sannan a tashi a hankali. A kan tafiya ya fi saurin ɗaukar zafi. Ko a tsakiyar hunturu, sanyin Tawa bai kai wanda aka ƙera waɗannan motoci su jure ba.

Na'urar sanyi tana da nata kason. Babu mai hankalin da zai ce a kashe ta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Amma motar da ta wuni a rana tanda ce. A fara buɗe gilasai a yi ɗan tafiya iska mai zafi ta fita, sannan a kunna. Inuwar bedi da ɗan kwalin da ake shimfiɗawa a gilashin gaba suna rage wa na'urar aiki. A cikin gari da safe ko da yamma gilashi a buɗe ya wadatar, a babbar hanya kuma rufewa da kunna sanyi ya fi, domin buɗaɗɗen gilashi yana kama iska.

Taya da kaya

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan mota baya kamar mai tafiya cikin rairayi. Masana sun kiyasta gyara iskar taya yana iya dawo da har kashi 3 cikin 100 na mai, ban da tsawon ran tayar kanta. Adadin da ya dace yana rubuce a ƴar takarda a jikin ƙofar direba. Ba a gane shi da bugun ƙarfe ko dannawa da yatsa. A nemi mai faci da ke da ma'auni mai aiki, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, ko sau ɗaya a wata. Masu rage iska da bazara don tsoron fashewa suna jawo abin da suke gudu, domin tayar da ta kwanta ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta tarwatse. Wanda ya rage iska don ya ratsa yashi zuwa ƙauye ya yi daidai, amma ya mayar da ita da zarar ya hau kwalta.

But ɗin wasu motoci ya zama ɗakin ajiya: tsohon batir, jarkokin ruwa, buhun siminti da aka manta. Kowane kilo 45 na ƙarin nauyi yana cin kusan kashi 1 cikin 100. Kayan da ake ɗaurawa a rufin mota sun fi haka ɓarna a babbar hanya saboda iska, kuma ƙarfen ɗaukar kayan ko babu komai a kansa yana da nasa kason. In ba tafiya za a yi ba, a kwance shi.

Abin da ake yi a gareji

Akwai wani aiki da ya zama kamar farilla ga motar da ta sauka daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome. Kafin ta yi mako, an cire mata tamostat, ɗan makullin da ke tsare hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto, an kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Hujjar ita ce wai an yi abin ne don ƙasashen sanyi. Alhali aikin makullin shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen maki 90. Idan aka cire shi, inji yana daɗewa bai kai wannan zafi ba, kwamfuta tana ɗaukar cewa har yanzu a sanyaye yake, sai ta ci gaba da tura ƙarin mai. Mai mota ya biya kuɗin aikin, sannan ya ci gaba da biyan tara a kowane gidan mai har ranar da zai sayar da ita. Motar da ke zafi fiye da kima tana da wata cuta ce, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta mutu, kuma ita ya kamata a nema.

Haka ake yi da fitilar gargaɗi ta inji: a liƙe ta da baƙin salatif ko a cire ƙwanta. Sau da yawa abin da take faɗa shi ne na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bututun salansa ta lalace, kuma ita ce ke gaya wa kwamfuta yawan man da za ta tura. Idan ta mutu, sha yana iya ƙaruwa sosai. A manyan garuruwa yanzu akwai matasan makanikai masu na'urar karanta kwamfutar mota. Kuɗin dubawar bai kai asarar wata ɗaya ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne da kowa ya sani amma ake ɗagawa: fulogin da ya ci zamaninsa, baƙin mai mai kauri fiye da wanda kamfani ya rubuta, birkin da ke riƙewa, ƙafafun da suka karkace bayan faɗawa rami. Matatar iska a ƙasar ƙura irin wannan tana toshewa da wuri. A sabuwar mota toshewar ƙarfi take ragewa, a babur da tsohuwar mota mai kafireto kuwa kai tsaye take ƙara shan mai. Ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita da ke zuba lita 3 a rana, in ya tsira da kashi 10 cikin 100 ta hanyar wanke matata, gyara sarƙa, duba taya da barin murza totur a tsaye, ya samu wajen sefa 4,500 a wata, kuɗin da ba sai ya raba da mai babur ba.

Ga ƴan uwa na waje

Babban tsimi tun ranar sayen mota ake yin sa, kuma a nan ƴan ƙasa mazauna Amurka da Faransa da Beljiyam da ƙasashen Larabawa suna da hannu. Da yawa sukan tara guminsu su aiko wa gida da ƙatuwar mota mai silinda 6 ko 8, don a san ɗansu ya yi arziki. Niyyar mai kyau ce. Amma mahaifi ko ƙanen da aka ba makullin shi zai riƙa ciyar da ita, kuma motar da ke shan lita 16 ko 18 a cikin gari tana cin ninki biyu na ƙaramar mai silinda 4. Shi ya sa ake ganin irinsu a kafe a ƙofar gida ƙarƙashin tampol, sai ranar salla ko ɗaurin aure. Wanda zai aiko da mota ya fara tambayar lita nawa take sha, ko akwai kayan gyaranta a kasuwar Maraɗi ko Yamai, kuma wa zai zuba mata mai a watan da kuɗin waje bai iso ba. In hanyar ƙauyensu ba ta buƙatar mai taya huɗu masu ja, ƙaramar ta fi zama alheri.

Haka tsara fita. Injin da bai yi zafi ba ya fi sha, saboda haka fita biyar gajeru sun fi fita ɗaya mai haɗa buƙatu biyar tsada. Maƙwabta uku da ƴaƴansu ke makaranta ɗaya ba su da dalilin fitar da motoci uku. Masallacin unguwa da shagon burodi ba sa buƙatar makulli.

Rabon hukuma

Duk wannan ba ya sauke wa hukumomi nasu nauyin. Ramukan tituna, wutar hanya da ta mutu, cunkoson gadar Kennedy safe da yamma, tsayuwar da ake yi a shingaye inji na aiki, duka mai ne ke ƙonewa ba da laifin direba ba. Rashin motocin haya na gari masu tsari shi ke tilasta wa ma'aikaci sayen tsohuwar mota da albashinsa bai iya ciyarwa. Masu binciken awo su riƙa zagaya famfuna a kai a kai, su manna shaidar da mai saye zai gani da idonsa. Makarantun koyon tuƙi su sa tsimin mai cikin darasi, ƙungiyoyin direbobi da na makanikai su ɗauki maganar tamostat da iskar taya a tarukansu. Motocin gwamnati da ake bari a kunne awa da awa a ƙofar ofisoshi da wuraren taro su ne ya kamata su fara ba da misali, tunda da kuɗin talaka ake cika su.

Neman a rage farashi haƙƙin ƴan ƙasa ne, kuma za a ci gaba da nemansa. Amma kafin sanarwa ta gaba ta fito, mai mota yana da abin yi a wannan makon: ya auna tayoyinsa, ya sauke tarkacen but, ya tambayi makanikensa ina tamostat ɗin motar yake, ya cika tanki sau ɗaya ya rubuta lamba. Bayan wata guda ya sake lissafi, ya ga jikka nawa suka rage don cefane.